Magen Inna da Duwatsun Murhu

Ban taɓa son mage ba, kuma ba zan ce yanzu na fara ba. Amma akwai wata damina da na yi ta durƙusawa a ƙofar ɗakin ajiyarmu, ni da furfurata, riƙe da ɗan kwano, ina lallashin wata mage mai ruwan toka ta taimaka ta ci abinci. Duk sanda na tuna lokacin, gajiyar ce take fara zuwa mini kafin komai.

Magen ta Inna ce, mahaifiyata. Bayan rasuwar Baba, Inna ta ci gaba da zama ita kaɗai a gidanmu na ƙauye, can gefen Sara a ƙasar Gwaram. Ƙannena duk sun watse neman abinci, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu. Mun yi mata maganar ta dawo wurina har bakinmu ya gaji. Sai da aka tafka wani ruwa, katangar bayan gida ta zube, ita kuma ta zame a tsakar gida ta kasa tashi, tana kwance cikin taɓo har maƙwabciyarta ta leƙo ɗibar wuta, sannan muka daina roƙo. Likita ya ce ƙashi bai karye ba, amma ƙafar nan ta gama ɗaukar ruwa da itace, ga kuma hawan jini. Na nemo a-kori-kura, ni da matata muka tafi ɗauko ta.

Ni ne ɗanta na fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta ba wani ya ba ni, ko da ina tsaye a gabanta. Ranar tafiyar matata ce 'yar aiken. Muna fitar da buhunan gero daga rumbu, na sa ƙafa zan ture duwatsun murhu gefe don mu samu hanya, sai na ji muryarta daga kan tabarma.

"Gaya masa ya bar mini murhuna," ta ce wa matata. "Asibiti zan je, ba tashi na yi ba."

A ƙauyenmu mace ba ta tashi daga gida ba sai ranar da aka ɗaga duwatsun murhunta. In dai suna nan a girke, ko shekara ta yi a wani gari, tafiya ta yi, za ta dawo. Ba mai buɗe ɗakinta, ba mai ɗaure akuya a tsakar gidanta. Na san wannan sarai, a ciki na girma. Na janye ƙafata, na ce a raina duwatsu ne, su yi ta zama har su gaji.

Ba mu ɗauki wani kayan kirki ba. Ni da ƙannena mun riga mun gyara mata ɗaki a gidana, komai sabo fil: katifa, labule, buta, har da dardumar salla mai laushi. Muna ganin hakan ne girmamawa, kada a ce mun kwaso uwarmu da tarkace. Tsohuwar tabarmarta da bargonta da ɗan kaskon da magen take ci a ciki, duk muka bar su a can. Inna ta ɗaure zannuwanta a ƙulli ɗaya, ta ɗora a cinya, sannan ta ce a gaya mini ba inda za ta sai da magen. Maƙwabciyar ta kamo ta, aka jefa ta a buhu aka ɗaure bakin, wai don kada ta ga hanya ta komo. Tun daga Sara har Birnin Kudu buhun nan bai daina kuka ba, direba kuwa ya yi ta dariya har na so in ce ya rufe mini baki.

Gidana na siminti ne, tsakar gidan ma a dabe take tas, girki kuma da gas muke yi, in ya ƙare a koma gawayi. Da muka kwance buhun a tsakar gida, magen ta fito ta tsaya cak, gashinta a tsaye. Yara suka yi ca a kanta, babur ya wuce a lungu da ƙara, injin niƙan maƙwabta yana ta faman yi. Ta yi wani irin tsalle, ta faɗa ɗakin ajiya, ta shige bayan buhunan geron da muka zo da su. Na ce ai yunwa za ta fito da ita kafin gobe.

Washegari matata, don kyautatawa, ta karɓi zannuwan Inna ta wanke su kaf da sabulu mai ƙamshi, ta goge, ta turara su. Inna ta yi godiya, ta sa mata albarka, sannan ta ninke su ta mayar cikin ƙullin, ta ɗaure, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin daga ciki. Ga durowa nan sabuwa, ko kallonta ba ta yi ba. In za ta sauya zani, sai ta kwance ƙullin ta zaro ɗaya, ta sake ɗaurewa tamau. Duk wanda ya shiga gaishe ta, da ƙullin nan yake fara cin karo.

Yunwa ba ta fito da magen ba. Na kai mata madara, ta ƙi. Na tare Bafulatanar da ke kawo nono daga wajen Yalwan Damai, na karɓi mai kyau na zuba mata, ƙudaje ne suka sha. Busasshen kifi, kan kaza, ɗan romo, duk da safe na ajiye, da yamma in kwashe. Ruwan da ke cikin kwano ne kawai muke gani yana ɗan raguwa, da shi muke sanin tana da rai. In na leƙa bayan buhunan, idanu biyu nake gani, sai wani huci da take yi mini, kamar ni na rushe katangar.

Kullum da safe in na durƙusa gaida Inna, amsa ɗaya ce. Za ta ce lafiya lau, sannan ta juya wajen matata.

"Ta ci?"

"Ba ta ci ba tukuna, Inna."

"To gaya masa yana gani dai. Wurin nan bai karɓe mu ba. Ƙafa ta yi sauƙi, ya mayar da mu."

Ƙafa ba ta yi sauƙi ba. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta dafa bango. Na san in na mayar da ita, wata rana za ta sake faɗuwa, kuma ba kullum maƙwabciya take ɗibar wuta ba. Na kuma san ba zan yi ta cewa uwata a'a har abada ba. Ƙannena suna bugo waya daga nesa, kowa da nasa, "Yaya, ka lallaɓa ta mana." Daɗin baki ba wuya ga wanda ba ya wurin. Ni ne zan tashi in bi layin asibiti, in wuce makaranta in yi ta ihu da yara har maƙogwarona ya bushe, in dawo in tuɓe hula in durƙusa gaban buhun gero ina cewa mis, mis. Zaman Inna a gidana ya koma hannun dabbar da ko kallona ba ta son yi.

Wata rana raina ya ɓaci, na ce yau sai ta fito ko ta ƙi ko ta so. Na janye buhu, na miƙa hannu na cafko ta. Ta yage mini bayan hannu da farce, ta suɓuce, ta ƙara shigewa can ƙurya. Kwana biyu bayan nan ko ruwan bai ragu ba. A makaranta wani abokin aikina ya ga hannun ya tambaya, na ba shi labari. Shi mutum ne da komai sai ya duba a waya. Ya yi ta latse-latse, sannan ya ce wai ba a jan mage da ƙarfi in ta sauya gida, a bar ta inda ta ɓuya, a hana yara hayaniya, a kuma ajiye mata wani abu mai warin tsohon gida. Na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Tabarmar tana Sara, kaskon yana Sara, zannuwan sun sha sabulu. Abu ɗaya da ya rage mai warin tsohon gida a gidana shi ne Inna kanta.

Na sa matata ta roƙe ta ta zauna a ƙofar ɗakin ajiyar ta kira magen. Inna ta je, ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta ce mis sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa, sannan ta miƙe.

"Kun gani? Ko ni ba ta amsawa. Gaya masa in ta mutu a gidan nan, alhakin yana wuyansa."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai, don kowa ya san ba ƙaramin abu ba ne mage ta mutu da yunwa a hannun mutum. Ga shi Innar ma ta fara rage cin nata abincin. Matata za ta kai tuwo, ta dawo da shi an ɗan taɓa gefe. Na rasa wa zan fara lallashi, tsohuwar ko magen. Na fara tunanin ko in mayar da su kawai in huta, sai in tuna taɓon tsakar gidan nan, in ji kunyar tunanin.

Wata yamma bayan la'asar, yara sun tafi Islamiyya, gidan ya yi tsit, ina zaune ina duba littattafan 'yan aji. Sai ga magen ta fito da kanta. Da ƙyar na gane ta. Haƙarƙarinta duk a waje, tana tafiya ƙafafun baya suna harɗewa. Ba ta kula kwanon kifin ba. Ta nufi kicin, ta shinshina tukunyar gas, ta shinshina abin gawayin da matata ta wanke ta kife, ta fito. Ta bi jikin katanga, kusurwa bayan kusurwa, tana shinshina simintin, tana wani siririn kuka da ba ya ko fita sosai. Ta zagaye tsakar gidan kaf, ba ta samu abin da take nema ba, ta ja jiki ta koma bayan buhunan. Inna tana bakin ƙofarta da carbi a hannu, tana kallo tun daga farko har ƙarshe, kuma na lura carbin ya daina motsi.

Washegari da safe ba ta tambaya ko magen ta ci ba. Kokon da aka kai mata yana gefe ya yi sanyi. Na gaishe ta zan tashi, sai ta dubi matata.

"Gaya masa ya je gida ya ɗauko duwatsun. Da tokar, ya kwaso ta duka. Kada ya wanke su."

Matata ta ɗago kai. "Inna, duwatsun murhu?"

"Su na ce. A cikin tokar nan uwarta ta haife ta. A nan take kwana, a nan nake ba ta abinci. Ba kifi take nema ba."

Ashe tun ranar farko ta san maganin. Duk durƙuson da na yi, da nonon, da yagar hannun, tana zaune tana kallona, ta yi gum, don muddin magen ba ta ci ba tana da hujjar komawa gida. Na ji haushi ya taso mini. Na buɗe baki, sai na ga yadda ta ƙura wa ƙullin kayanta ido, haushin ya sauka. Na san abin da ta aike ni in yi, ita ma ta sani.

Ranar Asabar na tafi. Gidan ya yi ciyawa, amma ba abin da aka taɓa. Duwatsun suna nan ƙarƙashin rumfa, baƙi ƙirin, tokar ta ɗan daskare a tsakaninsu. Ina sunkuyawa, maƙwabciyar Inna ta shigo. Tsohuwa ce ita ma, tare aka kawo su garin suna amare.

"Malam, ita ta aiko ka?"

"Ita ce, Iya."

Ta zauna a kan turmi, ta rufe baki da gefen mayafi. Na ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya na sa a buhu. Sun fi yadda na zata nauyi, kuma kowanne ya bar gurbinsa a ƙasa, rami mai santsi. Na ɗauki tsintsiya zan tara tokar, ta miƙe ta karɓe.

"Kawo, ba aikinka ba ne."

Ta kwashe tokar tsaf a tsohon kaskon magen da wata ƙwarya, ta ɗaure da tsumma. Sannan ta ja ƙasa da ƙafa ta cike ramukan, ta share wurin har ba a gane an taɓa girki a nan. Ta rako ni har bakin zaure, ta ce in gaya wa Inna ta yafe mata duk abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Na ce ai Birnin Kudu ba nisa, za a riƙa zuwa. Ta ce haka ne, amma daga ni har ita ba wanda ya yarda.

A tasha direba ya ɗaga buhun zai sa a but ɗin mota, ya sauke da sauri.

"Malam, me ka zuba a ciki haka?"

"Duwatsu."

"Duwatsu za ka kai Birnin Kudu? Garin da duk inda ka juya dutse ne? Ko naku sun ƙare ne ba mu ji labari ba?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Ba ni da ƙarfin yin bayani, na shiga na zauna. Wata dattijuwa a kujerar baya ba ta yi dariyar ba. Ta ga baƙin dutsen ta bakin buhu, ta ga ƙullin tokar a cinyata.

"Allah ya sa ta tashi a sa'a," ta ce.

Na ce amin, na juya kai wajen taga har muka iso.

Kafin in dawo matata ta zuba yashi a wata kusurwar tsakar gida, ta sa an jingina tsohon kwanon rufi a sama saboda ruwa. Simintin nan da fentin katangar abin alfaharinta ne, kullum sai ta wanke su, amma ta haƙura. Na sauke buhun zan jera duwatsun, Inna ta ce a gaya mini in matsa. Ta taho tana dafa bango, ta zauna a kujerarta, ta juya kowane dutse da hannunta har ya fuskanci inda ya saba, dogon a baya, gajerun a gaba. Ta zazzage tokar a tsakiya. Ta hura wuta da kara, ta sa itace, ta ce a miƙo mata tukunya da garin gero. Hayaƙi ya tashi ya fara lasar farin fenti. Warin da ya cika gidan, rabon da in ji shi tun ina zuwa hutu wajenta, kuma ban shirya masa ba.

Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ta sauke. Muka hana yara motsi. Wuta ta ci ta cinye, ta koma garwashi, garwashin ya lulluɓe da toka. Rana ta yi sanyi, ana shirin kiran magariba, sai ga kan magen a ƙofar ɗakin ajiya. Ta daɗe a nan tana ɗaga hanci. Sannan ta taho a hankali, ta tsaya, ta ƙara tahowa. Ta shinshina dogon dutsen, ta goga masa kumatu, ta goga wa na biyu. Ta zagaya, ta tona gefen tokar inda ɗumin bai yi yawa ba, ta kwanta. Inna ta gutsuri tuwo ta dangwala a miya, ta sa a tsohon kaskon, ta tura mata. Magen ta lasa, ta dakata, sannan ta fara ci.

Matata ta riƙe bakinta don murna, tana ta hamdala ƙasa-ƙasa. Ni dai zama na yi a kan bokitin da ke kusa. Abin da na yi ta nema ke nan, na samu, amma ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Inna ta daɗe tana kallon magen tana ci.

"To, ke kin samu naki," ta ce mata.

Sannan ta juyo. Ba matata ta duba ba, ni ta duba, ido cikin ido, abin da ban saba gani ba tun tasowata.

"Da ka ɗaga su, an share wurin?"

"An share, Inna. Iya ce ta share da kanta. Ta ce ki yafe mata."

Ta gyaɗa kai. Ta ce wa matata ta ɗauko mata ƙullin nan na bakin ƙofa. Ta ɗora shi a cinya ta yi ta fama da ɗaurin, ya ƙi kwantuwa, don kullum ƙara tamke shi take yi. Matata ta durƙusa ta taya ta da haƙori har ya saki. A ƙarƙashin zannuwan akwai mabuɗin ɗakinta na ƙauye, ɗaure da ɗan zare. Ta miƙo mini shi a hannuna.

"In ka samu mai zuwa, a kai wa maƙwabciyar tawa. Ta zuba gyaɗarta a ɗakin, kada gara ta cinye shi a banza."

Na karɓa da hannu biyu. Ta miƙa wa matata zannuwan ta ce a sa mata a durowa.